Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ɓangare Ya Fi Girma?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wata ɗaliba ce, wadda take so a tabbatar mata, ba tare da kalkuleta ba, cewa 3 mai hawa 100 haɗe da 4 mai hawa 100 ba su kai 5 mai hawa 100 ba. Idan aka ce 3 mai hawa 100, ana nufin a jera 3 har sau 100, a ninka su da juna.

Malama, ki raba kowane ɓangare da 5 mai hawa 100. Ɗaya zai koma 1, ɗayan kuma 0.6 da 0.8, kowacce mai hawa 100. A hawa na 2 suna ba da 0.36 da 0.64, waɗanda jimillarsu 1 ce cif. Da yake lambar da ke tsakanin sifili da 1 raguwa take yi duk lokacin da hawa ya ƙaru, jimillarsu a hawa na 100 ba za ta kai 1 ba.

Tambaya ta biyu ta fi armashi. Wani malamin makaranta ya rubuto yana cewa: tsakanin 101 mai hawa 50, da jimillar 99 da 100 kowacce mai hawa 50, wanne ya rinjaya?

Malam, a nan ido ba ya raba gardama, domin lambobin sun kusanci juna ƙwarai. Ka ɗauki 101 a matsayin 100 da ɗaya, 99 kuwa 100 ba ɗaya, sannan ka warware hawan kowacce zuwa jerin gaɓoɓi da ake tarawa, bisa ƙa'idar da masanin lissafi al-Karaji ya bayyana a wajajen shekara ta 1000 miladiyya. Gaɓoɓinsu iri ɗaya ne, sai dai a na 99 ana tarawa ne ana ɗebewa bi da bi. Idan ka ɗebe na 99 daga na 101, gaɓa ta farko da ta uku da makamantansu za su share juna, ta biyu da ta huɗu kuma su ninku. Ta biyun ita ce 50 sau 100 mai hawa 49, kuma ninkinta daidai yake da 100 mai hawa 50. Sauran gaɓoɓin duk ƙari ne a kai, saboda haka 101 mai hawa 50 ce ta rinjaya.

Ina so ɗalibanka su lura cewa hawan yana da muhimmanci: a hawa na 48 jimillar ce take gaba, kuma sai daga 49 ne 101 take karɓe ragama.