Karatun aikin lafiya ga uwar da ke riƙe da ƙananan yara ita kaɗai

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Bayaninmu na yau ya shafi matar da aurenta ya mutu ko mijinta ya rasu, ga ƙananan yara a hannunta, kuma tana da burin zama ma'aikaciyar lafiya a Najeriya.

A yawancin kwasa-kwasan, ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Bambancin yana wajen tsawon karatu. Kwas ɗin ƙaramar ma'aikaciyar lafiyar al'umma, wanda aka fi sani da JCHEW, shekara 2 ne, na CHEW kuma, wato matakin da ke sama da shi, shekara 3, kuma ana yin su a kwalejojin lafiya irin na Maƙarfi da Jahun da Tsafe. Digirin jinya a jami'a yana cin shekara 5, ban da shekarar samun horo a asibiti.

Sai dai abin da ya fi kayar da uwa a wannan karatu shi ne lokacin da za a tura ɗalibai asibiti. Darasin aji yana da lokacin shiga da na tashi, don haka ana iya daidaita shi da makarantar yara. Asibiti kuwa aikin karɓa-karɓa ne, safe da yamma da dare, kuma mai naƙuda ba ta duba agogo. Ɗalibar da ke ɗakin haihuwa da ƙarfe biyu na dare, tana sauraren bugun zuciyar ɗan da ke ciki, ba za ta ajiye aiki ta fita ba don an kira ta a waya an ce zazzaɓi ya rufe autanta. Kowane aiki da ta yi sai babbar ma'aikaciya ta sa mata hannu a littafinta, kuma wadda ba ta cika kwanakinta ba tana iya rasa damar zama jarrabawar samun lasisi tare da 'yan ajinsu.

Saboda haka, tun kafin a sayi fom, ya kamata a zauna da dangi a tsayar da wanda zai kwana da yaran. A ganinmu mutum ɗaya bai isa ba, ko da kuwa kakarsu ce, domin ita ma tana da ranar ciwo da ranar biki. Haka kuma a je makarantar a tambaya ko ana barin mai goyo ta zauna da ɗanta a ɗakin kwanan ɗalibai. Tambayar ba baƙuwa ba ce, domin shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya kuma Borno, ya taimaka wa wasu makarantu suka samar da wuraren renon yara.

Batun kuɗi ma yana buƙatar a fito fili. Idan uban yaran yana raye, ciyar da su da tufatar da su haƙƙi ne a kansa a shari'ar Musulunci ko da suna hannun uwarsu, kuma neman wannan haƙƙi a gaban manya ko a kotu ba abin kunya ba ne.

Ga wadda yaranta ba su yi ƙwari ba, muna ganin kwas ɗin ungozomar karkara ya cancanci dubawa. Shekara 2 ne, hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ce ke ba da lasisinsa, kuma an tsara shi ne domin wadda ta gama ta koma yankin da ta fito ta yi aiki, kusa da dangin da suka taya ta riƙon yaran.