Hannun tsohuwar nan ya hana ni sukuni a Bremen

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, a bakin titin Böttcherstraße nake tsaye, nan cikin Bremen, kuma wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Ruwan sama ne ya koro ni cikin gidan nan na jan bulo da kuke gani a bayana, gidan tarihin zane-zane ne. Shekara huɗu ina wuce shi in zan shiga kasuwa, ban taɓa leƙawa ba. Yau na shiga don in fake, sai ga ni tsaye gaban hoton wata tsohuwa kusan rabin awa, hawaye na zuba.

Ba hoton kyamara ba ne, zanen fenti ne. Tsohuwa ce zaune a lambu, jiki a cike, fuska a ɗaure, jajayen furanni kewaye da ita, ga wata kwalba a kife kan sanda. Amma hannuwanta! Manya, masu kauri, ta ɗora su kan cinya da reshen fure a tsakaninsu. Hannun Inna ne, kakata ta wajen uwa. Hannun da ya yi daka da surfe da ɗiban ruwa har yatsun suka daina miƙewa. A gidan tsofaffi nake aiki a nan Jamus, kullum ina riƙe irin hannun nan in zan ɗaga mutum daga gado, don haka na san wadda ta zana shi ta zauna ta kalle shi da kyau.

Sunanta Paula Modersohn-Becker. A Dresden aka haife ta a 1876, iyayenta suka dawo Bremen tana 'yar shekara 12. Daga baya ta koma wani ƙauye, Worpswede, inda masu zane suka yi sansani a gefen fadama. Mazan wurin itatuwa da gajimare suke zanawa, masu kyau, masu shiga kasuwa. Ita kuwa sai ta nufi gidan gajiyayyu na ƙauyen, ta ɗauko tsofaffin mata da yaran talakawa masu haƙar ƙasar fadama, ta zaunar da su. Ba ta rage wa kowa hanci ba, ba ta goge tamoji ba. Tsohuwar da ta sa ni kuka a 1907 ta zana ta, kuma mutanen ƙauyen suna mata laƙabi da mai ƙafa uku saboda sandarta.

Kun san abin da ya ƙona min rai? Hoton Inna ɗaya tak muke da shi. Da ta rasu, wani ɗan uwanmu ya kai shi wurin mai gyaran hoto a gari, dubu biyar ya biya, aka dawo mana da wata mata fara sol, fuska sumul, har tsagar kumatunta an share. Aka buga a kalanda aka raba ranar addu'ar arba'in. Na kalla na kasa gane matar da ta goye ni. Don Allah, in kuna da hoton tsohonku, kada ku bari kowa ya taɓa shi da sunan gyara.

Ita ma Paula ta sha suka kan wannan. Da aka nuna zanenta a Kunsthalle, gidan nuna zane-zane na Bremen, a 1899, wani mai sharhi, Arthur Fitger, ya yi mata kaca-kaca a jarida. Daren shiga sabuwar shekarar 1900 ta hau jirgin ƙasa sai Paris. Sau huɗu tana zuwa can. Ta ga aikin Cézanne, mai zane ɗan Faransa, ta kuma ga fuskokin da mutanen Masar na dā suke zanawa a kan allo su ɗora wa gawa, masu manyan idanu da ke kallonka kai tsaye. In ka lura da hotunan da ta yi wa kanta a ƙarshen rayuwarta, idanun nan ne. Ta auri Otto Modersohn a 1901, shi ma mai zane, matarsa ta fari ta rasu ta bar masa 'ya. A 1906 ta bar shi a ƙauye ta koma Paris don ta yi aiki, ya bi ta, suka dawo tare a 1907. A 1906 ɗin ne ta zana mawaƙin nan Rilke, mijin ƙawarta Clara Westhoff.

Bari in ja muku kunne tun da wuri. Akwai zanen da ta yi wa kanta babu riga, ta dafe ciki, ranar cikar aurenta, alhali a lokacin ba ta da juna biyu. Yana nan a ciki, da wasu na uwa tana shayarwa. Ni na kawar da kai na wuce. In za ku zo da surukai ko yara, ku san da haka. Kuma kada ku zo ranar Litinin, a rufe yake.

Cikin ya zo daga baya. Ranar 2 ga Nuwamba 1907 ta haifi 'yarta Mathilde. Haihuwar ta zo da wuya, aka ce ta kwanta kada ta motsa. Bayan kwana 18 aka ba ta izinin tashi. Ta miƙe, ta karɓi jaririyar, sai ta faɗi. Gudan jini ne ya daskare, ya taso ya toshe mata hanyar jini. An ce kalmarta ta ƙarshe da Jamusanci tana nufin "kaico". Shekararta 31, ko arba'in ɗin jego ba ta yi ba. 'Yan uwana mata, wannan a wurin aiki muke ganinsa: mai jego in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sama-sama, ba batun ruwan zafi ba ne, asibiti za a nufa a daren.

Zane kusan 750 ta bari, amma waɗanda ta sayar tana raye ba su cika yatsun hannu biyu ba. Gidan nan wani attajirin kofi, Ludwig Roselius, ya gina, aka buɗe a 1927, kuma shi ne gidan tarihi na farko da aka keɓe wa mace mai zane. Shekara goma bayan nan 'yan Nazi suka sa aikinta cikin abin da suka kira gurɓataccen zane, suka kwashe shi daga gidajen tarihi.

Na sayi ƙaramin katin tsohuwar, ko yuro biyu bai kai ba, ga shi nan ku gani. Asabar in Allah ya kai mu zan hau bas zuwa Worpswede, tikitina na wata ya ɗauke kuɗin, a can kabarinta yake. Yanzu dai bari in kira Umma kafin su kwanta, ta duba min ƙasan akwatinta ko ainihin hoton Inna na nan, wanda ba a taɓa ba.