Darasi: Shirya Lambun Gida Don Karɓar Baƙi A Lokacin Zafi

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Kun gan ni a tsakiyar lambu riƙe da kujera, babu fartanya babu almakashi. Da gangan na yi haka. Saura mako uku in karɓi baƙi a nan, kuma duk shekara idan zafi ya shigo aikina na farko shi ne in zo in zauna inda baƙo zai zauna, a daidai lokacin da zai zauna.

Idan ƙarfe huɗu na yamma kuka ce mutane su zo, to ku fito ƙarfe huɗu ku zauna ko da minti goma ne. Inuwar safe daban, ta yamma daban. Ku dubi wannan gefen. Da hantsi sanyi ne da shi mai daɗi, amma da zarar rana ta karkata sai ta faɗo masa kai tsaye, ga bangon nan ya sha rana tun safe yana huro zafi kamar murhu. Siminti da dutse haka suke, suna riƙe zafi har bayan faɗuwar rana. Shekarata ta farko a gidan nan, a nan na jera teburi saboda nan furanni suka fi kyau. Wata dattijuwa da ta taso daga nesa don ta gan mu ta kasa zama, sai ɗaki aka kai ta ta kwanta. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake fara darasin nan da inuwa.

In kuna da bishiya, ku gode wa Allah, inuwarta ta fi ta kowace rumfa sanyi, domin ganye na fitar da danshi kuma iska na ratsawa ta cikinsa. Ku ɗaga kai ku duba ko akwai busasshen reshe a saman wurin zaman, ku sare shi tun yanzu. In babu bishiya, ku kafa rumfar yadi mai farin launi, ku ɗaga ta sama sosai, ku bar gefunanta a buɗe. Gefe ɗaya ya fi ɗayan ƙasa, ko ruwan sama ya sauko ya zurare, kada ya taru ya janyo ta.

Wurin zama kuwa, ku ba kowane mutum kamar santimita 60 a bakin teburi, ku bar kamar santimita 90 a bayan kujera yadda zai ja ta ya tashi ba tare da ya taka shuka ba.

To, mu zo kan sauro, domin shi ne ke tashin taro tun kafin hira ta yi daɗi. Mutane da yawa sai ranar taro su sayo maganin fesawa. Ni a ganina an makara. Sauro a ruwan da ke kwance yake yin ƙwai, kuma idan akwai zafi, tsakanin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ba ya buƙatar tafki, ruwan da ya cika murfin kwalba ma ya ishe shi. Bari in matso da kyamara. Kun ga farantin nan da ke ƙarƙashin tukunyar fure? Ku lura da 'yan abubuwan nan da ke wutsil-wutsil a ciki, suna tasowa sama suna nutsewa. 'Ya'yan sauro ke nan. Ga shi na zubar a kan busasshiyar ƙasa, yanzu za su mutu. Amma zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge cikin farantin da soso, domin akwai irin sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi, ƙwan ya jure bushewa na watanni yana jiran ruwa ya dawo. Ku zagaye gidan sau ɗaya a mako: bokiti, tsohuwar taya, kwanon shan ruwan tsuntsaye, magudanar rufi da ganye ya toshe, har ledar da aka rufe kaya da ita. Abin tara ruwa kuma a rufe shi ruf. In kun yi haka mako uku a jere, za ku ji bambanci a jikinku.

Ban ruwa da sassafe ake yi, kafin rana ta shanye shi. Ku ba shi ya ratsa ƙasa sosai sau biyu a mako, ya fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama. Ku cusa yatsa kamar haka. In gaɓa biyu sun shiga ba ku ji danshi ba, shukar na jin ƙishi. Sannan ku rufe gindin shuka da busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 7, amma kada ya taɓa jikin karan, zai ruɓar da shi. Tukwane su kam kullum ne, sun fi saurin bushewa.

Ciyawa kada a aske ta ƙwal don a burge baƙi. Kashi ɗaya cikin uku na tsawonta kawai ake cirewa, in ba haka ba rana ta ƙone ta. A yanke kwana biyu kafin taro.

Ina roƙonku kada ku dasa sababbin furanni a ƙasa ana gobe taro. Shukar da aka taɓa saiwarta cikin zafi yaushi take yi. In wani lungu ya yi fayau, ku ajiye furen a tukunyarsa. Waɗanda kuke da su kuma ku tsinke furannin da suka bushe, shukar za ta fitar da sababbi.

In taron zai kai dare, ku sa fitila mai launin ruwan ɗorawa, ba ta jan ƙwari kamar fara fat, kuma ku rataye ta nesa kaɗan da teburi. Ku haska matakala da bakin hanya saboda tsofaffi da yara. Fanka ɗaya a gefen wurin zama tana aiki biyu, ga sanyi ga korar sauro, domin ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Wayar wuta dai a kauce da ita daga ruwa da hanyar ƙafa.

Murhun gashi ya kasance aƙalla mita uku daga gida, ba a ƙarƙashin rumfa ko reshe ba. Kada a taɓa shigar da gawayi mai ci cikin ɗaki ko gareji, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya.

Ana gobe taro, ku ba shuke-shuke ruwa da safe yadda ƙasa za ta tsane kafin ƙafafun kujeru su hau ta. Ku naɗe tiyo, ku kai manjagara da taki da magungunan ƙwari inda hannun yaro ba zai kai ba. Ni yanzu bari in ɗauki soso in bi sauran farantan nan, akwai guda shida a bayan bangon can. Sai mun haɗu a darasi na gaba, ku huta lafiya.