Harafi 12, amma "Camli" kawai suke cewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga yankin Cheshire na ƙasar Ingila nake magana, ku dubi ruwan da ake tsugawa.

Wallahi tun jiya abin nan ke cina. Na kai wa wata dattijuwa kaya, na karanta sunan da ke jikin kwalin yadda aka rubuta shi, Cholmondeley: Col-mon-de-le. Ta girgiza kai ta ce, "Camli ake cewa." Harafi 12 fa! Sun haɗiye fiye da rabi. Kuma mutanen nan shekara 6 ina koya musu sunana, kullum sai su ce ya yi musu wuya.

Shi ya sa na zuba man fam 20 na taho in gani da idona. Ashe sunan ƙauye ne, ga shi nan, gonaki da shanu. Wani mutum ne can da, Ceolmund, sai aka haɗa sunansa da tsohuwar kalmarsu ta fili a cikin daji. Filin Ceolmund ke nan, kamar mu ce Tungar wane ko Gidan wane. A ƙidayar filayen da Sarki William ya sa aka yi a 1086 ma an rubuta wurin. Masu ƙasar suka ɗauki sunan, har yau zuri'arsu ke riƙe da wancan katafaren gidan na kan tudu, ginin farkon shekarun 1800. Babbansu ya riƙe muƙami a fadar Ingila daga 1990 zuwa 2022.

Abin da ya sanyaya min rai, ai mu ma haka muke yi. Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano, duk garuruwa ne. Sai dai mu ba ma cinye sunan garinmu, yadda ka rubuta haka za ka faɗa. Shanun nan ma sun tuna min hanyar ƙauyenmu da damina, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Allah Ya kai mu gida lafiya.

Ɗan'uwa, in ka samu aikin kai kaya ko kula da tsofaffi a ƙasar nan, kar ka yarda da idonka a kan sunansu. Tambayi mai shi tukuna. Akwai Featherstonehaugh, harafi 17, wasu masu shi "Fansho" suke cewa. Bari in shanye shayin nan na fam 4 kafin ya huce, hannuna ya ƙandare.