Abin da Hawaye Ke Shaida wa Likita Game da Ƙaiƙayin Ido

Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin ido a Kano ko Damagaram lokacin bazara ya ga irin yaran nan da ke murza ido ba ƙaƙƙautawa, har farin idonsu ya rine ya koma ruwan ƙasa. Sau da yawa ba ƙwayar cuta ce ta shiga idon ba. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar ƙura ko garin fure a matsayin abokin gaba, sai ta tayar da kumburi, kuma shaidar wannan kumburi tana cikin hawaye.

Idan abin da jiki ba ya so ya faɗa ido, wani sinadarin garkuwa mai suna IgE, wanda masana suka gano a tsakanin 1966 da 1967, yakan zaburar da wasu ƙwayoyin halitta su saki wasu sinadarai biyu, histamin da tiriftes, cikin 'yan mintuna. Histamin ne ke haddasa ƙaiƙayi da jan ido, amma ba ya daɗewa kafin ya ɓace, shi ya sa masu bincike suka fi dogara da tiriftes wajen tabbatar da cewa rikicin garkuwa ne ya auku.

Sai dai IgE kaɗai ba ya isa hujja, domin kusan rabin masu fama da nau'in cutar mai tsanani ba a ganin komai a gwajin fatar da ake yi musu don neman alamar IgE. A nan ne ake komawa ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, waɗanda bai kamata a same su a saman lafiyayyen ido ba. Waɗannan ƙwayoyi suna fitar da furotin mai guba da ake kira ECP, wanda yawansa a hawaye yake hawa da sauka tare da tsananin ciwon, kuma yana cikin abubuwan da ke cin fatar baƙin ido har gyambo ya fito. Fararen ɗige-ɗigen da likita ke gani a gefen baƙin idon yaron, tarin waɗannan ƙwayoyi ne.

Auna waɗannan sinadarai a hawaye zai iya taimakawa wajen sanin lokacin da ya wajaba a ba da maganin ɗigawa mai ƙarfi na siteroyid da lokacin da ya kamata a janye shi, domin daɗewa a kansa, kamar yadda wasu iyaye ke yi idan sun saya a kemis ba tare da ganin likita ba, yana jawo hawan jinin ido da yanar ido.