Ruwan da Ya Sauka, Ina Ya Tafi?

(An kwafo wannan laccar daga faifan da aka ɗauka a zauren. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da wannan dama. An ce in yi magana kan yadda ƙaramin manomi a ƙasashe masu tasowa zai riƙe ƙasarsa da ruwansa ba tare da ya cinye rabon 'ya'yansa ba. Zan fara da lissafi, amma kada kowa ya tsorata, na 'yan firamare ne.

Idan ruwan sama ya sauka milimita 1 a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan. Yankin da ake kira mai ƙarancin ruwa, wanda ke samun milimita 500 a shekara, kowace hekta a can tana shan lita miliyan 5. To ga tambayata: ina ruwan nan yake tafiya, har shuka ta yi yaushi bayan kwana goma da ɗaukewar ruwa? A irin waɗannan wurare ruwa ba ya zuwa a hankali. Yakan zo ne da ƙarfi a cikin 'yan sa'o'i, ɗigonsa ya daki ƙasar da ba ta da rufi, ya toshe ƙofofinta, samanta ya yi ɓawo kamar an yi daɓe. Daga nan ruwa ya kama hanyar gangare, ya tafi da ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka. Abin da ya rage rana ta shanye. Kaɗan ne ke isa ga saiwa. Saboda haka sau da yawa abin da manomi ke kira fari, a sama an yi ruwa, a cikin ƙasa ne ba a yi ba. Kuma ƙasar da ta tafi cikin dare ɗaya, sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin irin kaurinta ya sake haɗuwa.

Wannan ba maganar 'yan tsiraru ba ce. Bisa ƙididdigar da masana na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar, kusan kashi 84 cikin 100 na gonakin duniya ba su kai hekta 2 ba, kuma daga cikinsu ake samun kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake ci. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa a duniya ruwan sama kawai ta dogara da shi. Shi ya sa nake ganin duk shirin da ya fara da madatsar ruwa kafin ya duba abin da ke faruwa da ruwan sama a cikin gona, ya fara ginin ne daga rufi.

Bari mu je arewacin Burkina Faso, yankin Yatenga. Bayan farin shekarun 1970 da na farkon 1980, ƙasa da yawa a can ta zama fako, ko ciyawa ba ta fita. Wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya ɗauko wata tsohuwar dabara ta kakanni da ake kira zai, wato tona ƙananan ramuka a fako don su tare ruwa. Abin da ya ƙara shi ne ya faɗaɗa ramukan, ya riƙa tona su tun da rani, ya zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara. Ita kuma gara, wadda kowa ke ɗauka abokiyar gaba ce, sai ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, ruwan farko ya bi ya nutse. Ya kuma jera duwatsu a gicciye bisa gangare, ba don su tsayar da ruwa cak ba, sai don su rage masa gudu ya sauke ƙasar da ya ɗauko. A cikin takin akwai 'ya'yan itatuwa da dabbobi suka ci, su ma suka tsiro, har fako ya koma daji. Da farko mutane sun ɗauka ya zautu. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, ya rasu a 2023.

Labarin yana da daɗi, kuma a nan yawancin masu lacca ke tsayawa. Ni a nan nake so mu ɗan zauna. Ramukan hekta ɗaya dubbai ne, aikin ɗaruruwan sa'o'i, a ƙasa mai tauri, a lokacin da zafi ya fi tsanani kuma rumbu ya fara yin ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da zai iya zuwa ƙwadago ya samo abin sawa a tukunya yau, me zai sa ya tsaya yana sarar fako saboda amfanin da zai gani bayan wata shida? Duwatsun kuma sai an ɗauko su, wanda ba shi da amalanke da kai zai yi dako. Takin ma sai mai dabbobi. Dabarar ba ta da wuyar ganewa, yaro ma zai koya a yini ɗaya. Wuyar tana ga wa zai yi aikin, da me zai ci yana yi, da kuma wa zai girbe.

Ku dubi Machakos a ƙasar Kenya. A shekarun 1930 jami'an mulkin mallaka sun riga sun yanke cewa zaizaya ta gama da tsaunukan wurin. Aka tilasta wa mutane tona matakan tare ƙasa, suka yi don tsoron hukuma, da ido ya kauce suka bar su suka lalace. Amma zuwa 1990 jama'ar yankin ta ninka kusan sau biyar, kuma tsaunukan sun cika da matakai da itatuwa, waɗanda manoma suka yi da kansu. Irin matakin da suka zaɓa suna kiransa fanya juu da Suwahili, wato a tona rami a jefa ƙasar ta sama, sannu a hankali gonar ta daidaita kamar benci. Me ya sauya? Hanya ta samu, kasuwar Nairobi ta buɗe, kofi da kayan lambu suka fara kawo kuɗi, ƙungiyoyin aikin haɗin gwiwa, galibi na mata, suka ɗauki aikin, kuma mutum ya tabbata gonar tasa ce. Aikin da aka ƙi da bulala shi ne aka yi da zuciya ɗaya.

Haka abin ya kasance da itatuwa a kudancin Nijar. An kashe kuɗi masu yawa ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gona lokacin sassabe toho ne daga kututturen manyan itatuwa masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Yau ana ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya, itatuwa kusan miliyan 200. Amma ku lura, a da doka ta ɗauki itace a matsayin na gwamnati ko da a gonarka yake, ma'aikacin daji na iya cin tararka in ka taɓa shi. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai da manomi ya ga reshen nasa ne, sannan ya bar shi ya girma. Cikin itatuwan akwai gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a gindinsa.

A Sin ma, a tudun nan na Loess da ke zuba laka cikin Rawayan Kogi, aikin da aka fara da Bankin Duniya a 1994 bai tsaya ga yanka matakai ba. An hana kiwon sake a gangare, an kuma ba manoma izinin riƙe filayen na tsawon shekaru a rubuce.

To ku tuna da waɗanda ba su da wannan tabbaci: mai gonar aro, mai haya, da mace da ke noma filin da sunan miji ko ɗan'uwa ke kai. Mai aro in ya gyara fako ya yi kyau, baɗi mai shi ya ce yana son abinsa. Shi ya san haka, shi ya sa ba ya gyarawa. Sai malamin gona ya zo ya rubuta a rahoto cewa manoma ba su waye ba. Wallahi sun waye, lissafinsu ne ya fi namu daidai. (Dariya.)

Yanzu ban-ruwa. Ba na ƙinsa, kada a fahimce ni a baibai. Kusan kashi 20 cikin 100 na ƙasar noma ake ba ruwa, amma tana ba da kusan kashi 40 na abinci. Sai dai noma ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa, kuma yana da tarko biyu. Na farko gishiri. Kowane ruwa na ɗauke da ɗan gishiri. In ana zubawa rana na busarwa, babu magudanar da za ta fitar da rarar, gishirin na taruwa har saman gona ya yi fari. Ana son buɗe famfo a gaban kyamara, ba a son kashe kuɗi kan magudana, don ba wanda ke yanka kintinkiri a bakin lambatu.

Tarko na biyu shi ne ruwan da ido ba ya gani. A jihar Punjab ta Indiya, a 1997 gwamnati ta fara ba manoma wutar lantarki kyauta don jan ruwa. Shinkafa ta bunƙasa a wurin da ruwan samansa bai isa shinkafa ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa ja da baya, har a 2009 aka yi dokar hana dashen shinkafa kafin ranar da hukuma ta sa a watan Yuni. Kuma in ruwa ya yi ƙasa, wa ke fara rasa shi? Mai gajeriyar rijiya. Mai kuɗi ya ƙara zurfin burtsatse, maƙwabcinsa talaka ya koma sayen ruwa a hannunsa. Wannan nake so masu murna da famfo mai aiki da hasken rana su riƙe. Famfon alheri ne, ya raba manomi da sayen mai. Amma kuɗin man nan shi ne linzamin da ke sa mutum ya kashe inji. An cire linzamin, ba a sa wani ba.

Wani linzamin ba ya fitowa daga gona ɗaya, domin ruwa bai san iyakar gona ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ita da abokan aikinta sun yi nazarin hanyoyin ban-ruwa a Nepal. Suka tarar waɗanda manoma ke gudanarwa da kansu, da madatsar duwatsu da rassan itace, sau da yawa sun fi na hukuma masu kankare kai ruwa ga na ƙarshen layi. Dalilin ya burge ni. Madatsar duwatsu kowace shekara ambaliya na rushe ta, na kusa da bakin ruwa ba za su iya gyara ta su kaɗai ba, dole su nemi hannun na ƙarshe, su kuwa na ƙarshe ba sa zuwa sai an ba su rabonsu. Da aka zuba kankare, na sama ya daina buƙatar na ƙasa. A gundumar Alwar ta jihar Rajasthan a Indiya kuwa, daga tsakiyar shekarun 1980, Rajendra Singh da mutanen ƙauyuka sun farfaɗo da ƙananan tafkunan ƙasa da ake kira johad, ruwa ya riƙa nutsewa, rijiyoyi suka dawo, kogin Arvari da ya ƙafe ya sake gudana. Bayan haka sai da ƙauyukan suka zauna suka tsara irin amfanin da za a shuka da wanda ba za a shuka ba saboda yawan shan ruwansa.

Na ga shugaban zama yana duban agogo. An miƙo mini takarda, wani ɗalibi yana tambaya: takin zamani ko na gargajiya, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ba kishiyoyi ba ne. Takin gargajiya da karan da aka bari a gona su ke sa ƙasa ta riƙe laima ta yi laushi, amma ƙaramin manomi ba ya samun wanda zai ishe shi, kuma karan nan dabbobinsa na jira, murhu ma na jira. Takin zamani kuma in ka watsa shi a kan fako, ruwan farko zai kai shi kwari, kuɗinka ya bi shi. Abin da aka gwada ya yi aiki a wurare masu ƙarancin ruwa shi ne a fara tare ruwan, da rami ko kunya ko jerin duwatsu, a zuba ɗan takin dabbobin da aka samu, sannan a sa na zamani ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a gefen kowane gindi, ba a kan irin ba don kada ya ƙone shi. In hekta ɗaya ta fi ƙarfinka bana, yi rubu'inta, ka fara daga saman gangare inda ruwan ke tasowa.

Sauran tambayoyin a kawo su bayan an tashi, ina nan a bakin ƙofa. Na gode.