Tambarin "Bio" da abin da ke bayan kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da war haka daga birnin Kolon na ƙasar Jamus. Yanzun nan na dawo daga kanti, kuma ga kwalaye biyu na hatsin karin kumallon yara a gabana, domin ina so ku ga abin da ya daɗe yana jan hannuna ban ankara ba.

Na hannun damana yana ɗauke da koren ganyen nan mai taurari 12, tambarin Tarayyar Turai da aka fara amfani da shi a 2010, kusa da shi kuma ga na Jamus mai kusurwa shida da aka rubuta "Bio". Abin da suke shaidawa shi ne an noma hatsin ba tare da takin zamani ko maganin feshi na masana'anta ba, kuma aƙalla kashi 95 cikin 100 na kayan gonar da ke ciki ta wannan hanya aka same su. Na yi shekaru ina biyan kuɗinsa mai tsada da zaton lafiya nake saya wa iyalina, sai da likita ta umarci maigidana ya rage zaƙi na fara juya kwali ina karanta bayansa. Ku duba nan da kyau: ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma sukari ne na biyu. Noman rake ko gwozar sukari ba da takin zamani ba bai sa jini ya karɓe shi dabam ba.

A nan doka tana da tsauri. Tun dokar Tarayyar Turai ta 2006, kamfani ba ya rubuta cewa abincinsa yana amfanar zuciya ko ƙashi sai EFSA, hukumar kula da amincin abinci ta Tarayyar Turai da ke Parma a Italiya, ta tantance hujjar, kuma ba a cewa "mai ƙarancin sukari" sai bai wuce giram 5 a cikin giram 100 ba. Amma "Bio" bai taɓa yin alƙawarin lafiya ba, mu masu saye ne muke ƙara wannan a zukatanmu idan muka ga launin kore da hoton gona. Wannan na hagu, na noman da aka saba, zallar hatsi ne, kuma yana da harafin A, wato mafi kyau, a Nutri-Score, ma'aunin da ke nuna amfanin abinci ga jiki daga A zuwa E, wanda Jamus ta amince da shi a 2020 ba tare da tilasta wa kowa ba.

Ƙwai kuwa har gobe mai lambar 0, wato na "Bio", nake ɗauka, domin a can tambarin yana magana ne kan yadda kaza ta rayu, ta sha iska ta yi kiwo a fili, kuma wannan yana da muhimmanci a wurina ƙwarai. Bari in matso da shi kusa ku ga lambar a jikin ɓawon.